Kemikal fil ko injin goge fuska, wanne ya dace da irin fatarmu?

Da zarar an shiga Nuwamba Abuja sai ta rikice da bukukuwa, kati a kan kati, anko a kan anko, kuma daidai lokacin ne hunturu yake sauka ya busar da fuskar kowa ta yi furu-furu. Sai kiga salun-salun na Wuse 2 da Maitama da nan wajenmu Gwarinpa sun cika maƙil, kowa na son fuskarta ta yi sheƙi kafin ranar dina. A takardar farashinsu kuwa akwai abu biyu da suke rikita mata sosai, wato kemikal fil da kuma maikrodamabireshan, wanda yaran shagon ke ce wa maikrodam saboda tsayin sunan. Ni dai na yi duka biyun a lokuta daban-daban, fuskata irin mai maiƙon nan ce da kuraje suka daɗe suna yi wa ta'adi, shi ya sa ƙannena da ƙawayensu suka maida ni wajen tambaya, kuma kusan kullum tambayar ɗaya ce, "Anti wanne ya fi sa haske?"

Babu ko ɗaya a cikinsu da aka yi don ya canza miki launi, wannan kam ki ajiye shi gefe tun yanzu. Duka biyun aikinsu cire matacciyar fatar da ke sama ne don sabuwa ta fito, sai dai maikrodam da gurza yake yi, kemikal fil kuma da asid. Fatar mutum dama tana sabunta kanta, wajen sati huɗu take ɗauka ga mai ƙuruciya, in shekaru suka fara ja sai abun ya rinƙa yin nawa, matattun ƙwayoyin su taru a sama fuska ta yi duhu-duhu ta yi kaushi, hoda ma ta ƙi zama. Hasken da ake gani bayan an yi gyaran launinki ne na asali ya fito, ba wani ƙari aka yi miki ba.

Maikrodam shi ne mai sauƙin fahimta, in kin taɓa zama an yi miki dilka to kin riga kin san rabin labarin, dilka ce da inji. A Italiya aka ƙirƙiro shi a 1985, daga baya ya bazu duniya. Iri biyu ne, akwai tsohon yayi wanda yake feso wani gari mai laushi na sinadarin aluminiyam oksaid a kan fata sannan ya zuƙe shi tare da dattin da ya kankaro, akwai kuma wanda yanzu ya fi yawa a shagunan Abuja mai kai na ƙarfe da aka yi masa kaushi da ɓarɓashin daimon, shi ba ya fesa komai, a jiki ake jan shi yana gurza yana tsotsa. Ba ya zafi, ɗan kartawa kawai za ki ji da jan fata, minti 30 zuwa 40 an gama har da wanke-wanke da shafe-shafen da suke haɗawa. Kina tashi kin ji fuskarki sumul, kwalliya ta kwanta luf washegari, babu zaman gida babu saɓa, ki wuce ofis abinki. Wannan shi ne daɗinsa, kuma shi ne iyakarsa gaskiya, domin fatar can sama-sama kawai yake taɓawa. Tabon da kurji ya bari wanda ya yi wata shida yana zaune a kumatunki ba zai tafi da shi ba a zama ɗaya, sau da yawa ko an jera zama biyar shida ɗan dusashewa kawai za ki gani. Santsin ma na ɗan lokaci ne, bayan sati biyu uku fata ta sake tara abinta sai an koma.

Kada kuma a rikita shi da damabireshan, wancan aikin likita ne a asibiti, da allurar kashe zafi ake yi kuma yana kaiwa har inda jini yake. In wata mai salun ta ce miki tana yin wannan ki ɗauki jakarki.

Fil shi ne mai dogon labari, saboda suna ɗaya ne amma abubuwa da yawa ne a ƙarƙashinsa, daga wanda bai fi ƙarfin ruwan goge fuska mai tsada, wato tona, ba har wanda sai an sa wa mutum na'urar auna bugun zuciya. Tsohon ilimi ne fa, tun 1882 wani likitan fata Bajamushe mai suna Paul Unna ya yi rubutu a kan yadda salisilik asid da wasu sinadarai biyu masu ƙarfi, finol da wani asid da ake kira TCA, ke saɓe fata. Likitoci sun raba shi hawa uku gwargwadon zurfin da yake shiga. Na sama-sama shi ne wanda ya kamata a ce ana yi a salun, ana amfani da gilaikolik asid wanda asalinsa daga rake ake samu, ƙarfinsa daga kashi 20 har zuwa kashi 70 cikin ɗari, ko laktik asid irin wanda ke cikin nono mai tsami, ko mandelik, ko salisilik na kashi 20 zuwa 30. Na tsakiya yawanci TCA ne na wajen kashi 35, shi yana wuce fatar sama ya taɓa ta ƙasa, fuska ta kumbura ta yi ɓawo sati ɗaya zuwa biyu kina ɗaki. Na ƙarshe mai zurfin shi ne na finol, yana iya rikita bugun zuciya, kuma yana kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi har abada, wato ga baƙar fata dabbare-dabbare zai bari, mu babu ruwanmu da shi sam.

Yadda ake yin na sama-saman, a wanke fuska a goge maiƙo tas, a shafa ruwan asid ɗin da buroshi ko auduga, sai ki ji yaji yana tsattsaga miki fuska, wasu shagunan har ɗan fanka suke miƙo miki ki riƙe. In gilaikolik ne dole mai yin ta tsaya a kanki da agogo, minti kaɗan ne a kashe shi da ruwan bakin-soda ko ruwa mai yawa, in ta tafi amsa waya ta manta ki to ci zai yi ta yi. Salisilik shi yana tsayawa da kansa in ya bushe ya bar wani farin gari a fuska. Ranar farko ba abun da za ki gani sai ɗaurewar fata, rana ta biyu zuwa ta uku saɓa ta fara daga gefen baki da hanci, zuwa sati ta gama. Wani lokacin ma ba za ki ga saɓar da ido ba, musamman da laktik ko mandelik, kuma hakan ba ya nufin an cuce ki. Wannan tunanin na "in bai ɗaye ba bai yi aiki ba" shi yake sa mata suna matsa wa masu shago su ƙara musu ƙarfi, su kuma don kar kwastoma ta gudu sai su ƙara.

In aka zo maganar kuraje da tabonsu fil ya yi wa maikrodam nisa, ba ma kusa ba. Salisilik yana narkewa a cikin maiƙo, saboda haka yana iya kutsawa cikin ƙofofin fata da suka toshe ya buɗe su, kuma ɗan gidan su asfirin ne, yana kwantar da kumburi. Ni a fuskata shi ne abun da na ga bambancinsa da idona, bayan an jera min shi tsakanin sati uku-uku ƙananan kurajen goshina suka kwanta, baƙaƙen ɗigon haɓa suka fara shuɗewa. Inji kuwa in kina da kuraje ɗanyu masu ruwa bai ma kamata a ɗora miki shi ba, fasa su zai yi ya yaɗa ƙwayoyin cutar ya ƙara miki tabo. Maza ma da ke fama da kurajen aski a wuya da haɓa, irin wanda gashi ke lanƙwashewa ya koma cikin fata, gilaikolik ko salisilik mai sauƙi yana taimaka musu, kodayake mazanmu sai su ce ai wannan harkar mata ce suna ta fama da wuya duk gudaji.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Yawancin bidiyon da muke gani a Instagram da TikTok na kafin da bayan, fatar Turawa ce, kuma tasu da tamu ba iri ɗaya suke amsa rauni ba. Akwai ma'aunin da wani likitan fata na Jami'ar Harvard, Thomas Fitzpatrick, ya fara fitarwa a 1975, yanzu hawa shida ne da shi daga fari tas mai ƙonewa a rana zuwa baƙi sosai, mu yawancinmu muna hawa na biyar da na shida, 'yan farare a cikinmu na huɗu. Fata irin tamu duk abun da ya ɓata mata rai, ƙuna ce, karta ce, cizon sauro ne, matse kurji ne, amsar da take bayarwa ita ce ta zubo melanin, sinadarin launi, a wajen, shi ne baƙin tabon da muke gani. Baturiya in asid ya ɗan yi mata yawa ja za ta yi kwana kaɗan ya wuce, ke kuwa baƙin shati zai bar miki da sai ya yi watanni, wani har shekara. Wato maganin tabon da kansa yana iya haifar da tabon da ya fi wanda kika je cirewa, garin neman gira a rasa ido kenan. Akwai wata 'yar uwarmu da aka yi wa TCA a wani shago saura kwana goma ɗaurin aurenta, don wai ta ce tana son sakamako da sauri, ranar kamu sai da mai kwalliya ta yi ta jibga mata kansila a kumatu biyu, kuma bayan biki ta daɗe tana zarya wajen likitan fata kafin shatin ya bar ta. Maikrodam ma ba wai ba ya yin irin wannan bane, in mai hannu mai nauyi ta samu, ta ƙure tsotson ko ta yi ta maimaita waje ɗaya, za ki ga layi-layi a fuska washegari, sai dai ɓarnarsa ba ta kai ta asid zurfi ba. Wadda kuma ta san jikinta na yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan huda kunne, to ta faɗa tun kafin a fara komai.

Sai maganar da ba a son yi, bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta fito ta ce shafe-shafen canza launi ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, kuma duk wadda ke shiga kasuwar Wuse ɓangaren mayuka ta san ba ƙari suka yi ba. Da yawa daga mayukan nan da ake haɗawa a roba babu suna, ana ce musu oganik, akwai siteroid a ciki, wato maganin kwantar da kumburi, da sinadarin dusashe launi haidirokwinon, wasu har da makuri mai guba. Siteroid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, ta daina warkewa da wuri, haidirokwinon kuma in an daɗe ana shafa shi yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu da ke da wuyar magani ƙwarai. Irin wannan fatar in kika ɗora mata asid ko kika sa inji ya gurje ta, ƙonewa za ta yi ko ta yage, kuma abun haushin shi ne masu irin wannan baƙin kumatun su suka fi zuwa neman fil. 'Yar uwa in kin san kina shafa, ba gori nake miki ba wallahi, amma salun ba wajenki bane yanzu, likitan fata za ki nema, akwai su a Asibitin Ƙasa nan cikin gari da asibitin koyarwa na Gwagwalada da asibitocin kuɗi, ki faɗa masa gaskiyar abun da kike shafawa ya tsara miki yadda za ki bari a hankali, don yanke siteroid lokaci ɗaya ma yana da nasa tashin hankalin.

Haka ma wannan man saɓar mai ruwan ɗorawa da ake tallarsa a intanet don baƙin gaɓoɓin yatsu da gwiwa, wanda ake cewa ki shafa sau uku a rana kwana uku. Ba a rubuta abun da ke ciki ba balle ƙarfinsa. Ko a Amurka, a watan Yulin 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta gargaɗi mutane su daina sayen ruwan fil masu ƙarfi suna yi wa kansu a gida ba tare da ƙwararre ba saboda ƙunar da suke jawowa, to ina ga wanda aka ɗura a kwalba a bayan shago. Araha ba ta ado.

To wanne za ki zaɓa? Ni yadda nake gaya wa ƙannena, in fuskarki lafiyarta ƙalau, kawai hunturu ne ya dusashe ta ko kina da taro ƙarshen sati kina son hoda ta zauna, yi maikrodam ki huta, ko ma dilkarki ta gida in mai yin ta iya, kuɗin da za ki kashe a asid asara ce. In kuraje ne da baƙin tabonsu, fil mai sauƙi, salisilik ko mandelik, a fara da mafi ƙarancin ƙarfi a ga yadda fatarki za ta karɓa, a jera shi kamar sau huɗu zuwa shida da tazarar sati biyu zuwa huɗu, ba zama ɗaya ba. Mandelik ƙwayarsa babba ce, a hankali yake ratsa fata, shi ya sa ake yawan zaɓar wa masu duhun fata shi. In kuma baƙin nan ne mai faɗi da ke fitowa a kumatu da goshi lokacin ciki ko bayan an fara maganin tazarar haihuwa, wanda likitoci ke kira melasma, fil yana ɗan taimakawa amma shi kaɗai ba ya isa, kuma rana ɗaya a titin Abuja babu kariya ta isa ta dawo da shi. Tabo mai rami kuwa, irin wanda manyan kuraje ke bari fuska ta yi ƙwarya-ƙwarya, duk wanda ya ce miki inji ko fil na salun zai cike shi kuɗinki yake so, wannan akwai hanyoyinsa daban a hannun likita.

Abun da ya fi sunan aikin muhimmanci a wajena shi ne hannun da zai yi shi. Shago ya sha gilashi da esi da ƙamshi ba shi ke nuna yarinyar da za ta riƙe buroshin ta san aiki ba. Ki tambaye ta wane asid ne, kashi nawa ne, ki ce ta nuna miki kwalbar. In ta ce "Hajiya haɗinmu ne na musamman, sirrin shago ne" to ki gode mata ki fita. Wadda ta san aiki ita ce za ta riga ki tambaya, me kike shafawa yanzu, kina da ciki ko kina shayarwa, asfirin yana ba ki matsala, kina yawan yin kurjin zazzaɓi a leɓe don fil yana tayar da shi, kin sha maganin kuraje mai ƙarfin nan aisotiretinoyin a watanni shidan da suka wuce, yaushe rabonki da halawa a fuska. Wata ma za ta gwada miki a bayan kunne ta ce ki dawo bayan kwana biyu, wata ta ce ki je ki yi sati biyu kina shafa man kariyar rana tukunna. Mata suna jin haushin irin waɗannan suna cewa sun cika iyayi, ni kuwa su nake komawa wajensu. In inji ne ki kalli kan da za a ɗora miki, an wanke shi an kashe masa ƙwayoyin cuta ko daga fuskar wata aka ciro shi.

Bayan an gama kuma rabin aikin yana hannunki. Sanskirin, wato man kariyar rana, mai lambar ƙarfi SPF 30 ko sama kullum, ko da a mota kike wuni, kuma tunda muna alwala sau biyar sai ki tuna kin wanke shi, bayan azahar ki sake shafawa in za ki fita. Mai ɗan launi irin na fandeshan ya fi mana, ba ya barin farin toka a fuska kuma sinadarin ayon oksaid da ke cikinsa yana tare hasken da ke ƙara baƙin tabo. Wajen alwalar ki zuba ruwa ki shafa a hankali kar ki cuɗa, ki ɗan danna tawul kar ki goge. Saɓar da ta taso ki bar ta ta faɗi da kanta, nasan hannu yana ƙaiƙayi amma duk inda kika ɓanɓare da farce nan tabo zai zauna. Ki ajiye sabulun salo da lemon tsami da kurkum da duk wani mai mai asid ko retinol na sati guda, man shafawa mara ƙamshi kawai ya isa, da hunturun nan ma ki yawaita shi. Turaren wuta da surace da tsayuwa a kan tukunyar tuwo su ma a ɗan ɗaga musu ƙafa kwana biyu uku, zafi yana ƙara fusata fatar. Masu niƙabi ku sa mai laushi wankakke, guga da zufa a kan fatar da ke saɓa ba sa haɗuwa.

Amare ku ne kuka fi ban tausayi a wannan harkar, don kowa na tura ku. In kina son fil don bikinki ki fara wata uku kafin lokaci, na ƙarshe ya kasance saura aƙalla sati biyu, uku ma ya fi, kuma kar ya zama ranar ce kika fara gwada sabon asid ko aka ƙara ƙarfi. Maikrodam ana iya yinsa saura sati ɗaya in kin taɓa yi kin san fatarki na ɗauka. Ki kuma gaya wa mai gyaran jikin da za ta zo gida cewa an yi miki, ta tsaya daga wuya zuwa ƙasa da dilkarta da halawarta, don su biyun ba sa sanin abun da ɗayar ta yi, ita kuma gwaggo da ta biya kuɗin gyaran so take ta ga an murje ko'ina.